Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin Kula da Magunguna da Masu Sa Ido kan Gasar Kasuwa

Ya ku shugabanni da ma'aikatan waɗannan hukumomi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na wanda ya shafe shekaru yana aikin harhaɗa magunguna, yana tsaye a bayan kanta tsakanin takardar da likita ya rubuta da hannun majinyacin da zai biya kuɗi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ƙididdiga ce guda ɗaya wadda kuke da ikon tattarawa amma ba kasafai ake ganin kun fito da ita fili ba, wato kason kasuwar da maganin asali mai sunan kamfani yake riƙe da shi shekara guda bayan wa'adin haƙƙin ƙirƙirarsa ya cika. A ganina wannan adadi shi ne abin da zai fi nuna muku ko gasa ta shigo da gaske, ko kuwa an rubuta ta ne a takarda alhali kasuwa tana nan yadda take.

Yarjejeniyar da ke tsakanin al'umma da kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani a bayyane take. Ana ba shi haƙƙin ƙirƙira na shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardun neman haƙƙin, kamar yadda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tanada tun da ta fara aiki a 1995, kuma wani babban ɓangare na waɗannan shekaru yakan ƙare a gwaje-gwaje da jiran amincewarku kafin a sayar da ko ƙwaya ɗaya. Ba ni da ja a kan ribar da kamfani yake samu a ragowar shekarun, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma magunguna da yawa da aka kashe wa maƙudan kuɗi suna mutuwa a hanya ba su kai kasuwa ba. Amma ɗaya ɓangaren yarjejeniyar shi ne cewa idan wa'adi ya cika, kowane kamfani da ya cika ƙa'idar inganci yana da damar yin maganin gama-gari, mai ɗauke da sinadari iri ɗaya, da ƙarfi iri ɗaya, ana shan sa ta hanya iri ɗaya, ya sayar da shi da sunan sinadarin. Wannan ɓangare na biyu shi ne amanar da ke hannunku.

Inda aka tsare wannan amana, sakamakon yana da sauri ƙwarai. A Amurka, dokar da ake kira Hatch-Waxman ta 1984, wadda ta ɗauki sunayen Sanata Orrin Hatch da ɗan majalisar wakilai Henry Waxman, ta sauke wa masu yin gama-gari nauyin maimaita manyan gwaje-gwaje a kan majinyata, ta ce ya ishe su su nuna cewa maganinsu yana shiga jini daidai gwargwadon yadda na asali yake shiga. A shekarar da aka kafa dokar, magungunan gama-gari ba su wuce kashi 19 cikin ɗari na abin da ake bayarwa bisa takardar likita a ƙasar ba, yau kuwa sun kai kusan kashi 90, duk da cewa kuɗin da ake kashewa a kansu bai kai kashi 20 na jimillar kuɗin magani ba. Lokacin da kamfanin Barr ya fito da nasa fluoxetine, wato gama-garin Prozac da ake sha don ciwon damuwa, a watan Agustan 2001, maganin Prozac na kamfanin Eli Lilly ya rasa mafi yawan kasuwarsa cikin 'yan makonni, kuma cinikinsa da ya haura dala biliyan 2 a shekarar 2000 ya dawo ƙasa da biliyan 1 a 2002. Lipitor na kamfanin Pfizer, maganin rage kitsen jini wanda ya taɓa kawo kusan dala biliyan 13 a 2006, ya fuskanci kishiyoyi daga ranar 30 ga Nuwamban 2011. Cinikinsa a duniya ya sauko daga kimanin dala biliyan 9.6 a wannan shekarar zuwa kimanin biliyan 3.9 a 2012.

Yana da kyau a tsaya a tambayi wa ya yanke shawarar wannan ƙaura, domin amsar tana nuna inda ikonku yake. Miliyoyin majinyata ba su wayi gari rana ɗaya suka zauna suka kwatanta farashi ba, likitoci ma da yawa sun ci gaba da rubuta sunan da hannunsu ya saba da shi. Abin da ya faru shi ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana da kundin da ake kira Orange Book, wanda ke nuna wane gama-gari ne aka tabbatar zai iya maye gurbin wane magani, dokokin jihohi kuma sun ba mai harhaɗa magunguna damar musanyawa a kan kanta muddin likita bai rubuta a fili cewa kada a musanya ba, sannan kamfanonin inshora suka sa majinyaci ya biya kaɗan idan ya karɓi gama-gari, ya biya da yawa idan ya nace a kan na asali. Waɗannan ukun idan sun haɗu, likita zai iya rubuta Lipitor amma gama-garinsa, atorvastatin, ne zai fita a leda. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɓace, sai ka ga wa'adi ya cika, an yi wa masu gama-gari rajista, amma sunan da aka saba da shi yana nan daram.

Game da farashi kuwa, yawan masu gasa ya fi komai tasiri. Binciken da hukumar ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna cewa idan gama-gari ɗaya ne kacal ya shigo, farashinsa yakan yi ƙasa da na asali da kimanin kashi 39 cikin ɗari. Idan biyu ne, kashi 54. Idan huɗu ne, kashi 79. Idan kuwa sun kai shida ko fiye, ragin yakan wuce kashi 95. Wannan ya sa watanni shidan farko, wato kwana 180 da dokar Amurka take keɓe wa kamfanin da ya fara ƙalubalantar haƙƙin ƙirƙira, suke zama wani yanayi na daban, inda kishiya ɗaya ke cin kasuwa da ɗan ragi kaɗan. A kan Lipitor, kamfanin Ranbaxy mai yin gama-gari ne ya samu wannan dama, Pfizer kuma ya riƙe kaso mai tsoka a tsawon lokacin ta hanyar rangwame ga masu biyan kuɗin inshora da katin da ke bai wa majinyaci damar biyan dala 4 kawai a wata, sai da sauran kamfanoni suka kwararo a ƙarshen Mayun 2012 sannan katangar ta rushe.

Akwai kuma wani abu da yake ba wa waɗanda ba su san harkar ba mamaki, masana tattalin arziki sun daɗe da lura da shi. Mutum zai zaci kamfanin asali zai karya farashinsa don ya tsira da kasuwa, amma sau da yawa yakan bar farashin inda yake, wani lokaci ma ya ƙara. Lissafinsa mai sauƙi ne: masu duba araha sun riga sun tafi kuma ba zai iya tsere da kamfanoni goma a kan araha ba, waɗanda suka rage kuwa su ne waɗanda ba za su rabu da sunan ba ko nawa ne, don haka gara ya tatsi 'yan kaɗan da tsada. Saboda haka idan za ku auna kason kasuwa, ku auna shi ta fuska biyu, ta yawan ƙwayoyin da aka sayar da kuma ta yawan kuɗin da aka biya, domin maganin da ya koma riƙe da kashi goma na ƙwayoyi yana iya ci gaba da kwashe kusan rabin kuɗin idan kishiyoyinsa sun yi araha sosai.

Waɗannan da suka rage ni na san su, domin a gabana suke tsayawa. Dattijo zai miƙo takarda, in ɗauko masa kwali, ya juya shi gaba da baya, ya zaro tsohon kwalin da ya adana a aljihu ya jera su a kan kanta, sannan ya dube ni ya ce, "Wannan ai ba shi likita ya rubuta mini ba, nawa fari ne, wannan kuwa ruwan ɗorawa." Sai in nuna masa ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna a tsohon kwalin, in nuna masa cewa su ne manyan rubutun da ke kan sabon, adadin miligiram ma ɗaya ne. Wani ya gamsu, wani kuma ya girgiza kai ya ce araha ba ta ado, ya ƙirga kuɗin da za su ishe shi wata uku ya sayi na mako biyu. Wanda ya fi damuna shi ne na ukun, wanda yake karɓa ba tare da musu ba, ya je gida ya ajiye saboda zuciyarsa ba ta kwanta da launin ba, sai bayan wata biyu in ga ya dawo jininsa ya hau.

Ba na ganin laifin waɗannan mutane, kuma ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Gaskiya ne ƙa'idar daidaito tana da tsauri fiye da yadda ake yayatawa, domin iyakar nan ta kashi 80 zuwa 125 da ake yawan ambata ba tana nufin ƙwaya za ta iya rasa kashi 20 na sinadarinta ba. Iyaka ce ta lissafi da ake gindaya wa sakamakon gwajin shigar magani cikin jini, kuma da aka duba gwaje-gwaje sama da 2,000 da aka miƙa wa hukumar Amurka daga 1996 zuwa 2007, matsakaicin bambancin bai wuce kashi 4 ba a yawan abin da jiki ya sha. Amma gaskiya ne kuma cewa a 2013 kamfanin Ranbaxy ya amsa laifi a Amurka kan sayar da gurɓatattun magunguna da yi wa hukuma ƙarya, ya biya dala miliyan 500, kuma a 2018 an janye magungunan hawan jini na valsartan da dama a ƙasashe masu yawa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, wanda yake cin riba shi ne sunan asali, domin likita da majinyaci sukan koma wurin abin da suka sani. Binciken masana'antu da gwada samfurin da ke kan kanta, tare da bayyana sakamakon ga jama'a, aikin kare lafiya ne, amma kuma shi ne ginshiƙin gasa. Akwai 'yan magunguna irin su warfarin mai hana jini daskarewa, da levothyroxine na ciwon maƙoƙo, da wasu na farfaɗiya, waɗanda tazarar da ke tsakanin abin da zai yi amfani da abin da zai cutar ƙanƙanuwa ce, kuma a kansu ina goyon bayan likitan da ya fi son majinyacinsa ya tsaya a kan samfurin kamfani ɗaya. Amma waɗannan kaɗan ne, bai kamata a fake da su a hana musanya a kan sauran ba.

Inda gizo yake saƙa sosai shi ne a dabarun jinkirta gasar tun kafin ta fara. Mafi muni a cikinsu ita ce biyan kishiya don ya dakata, inda kamfanin asali da mai gama-gari suke sasanta shari'ar haƙƙin ƙirƙira bisa sharaɗin cewa wanda ake ƙara shi za a biya, shi kuma ya jinkirta shigowa. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta ƙiyasta a 2010 cewa irin wannan sulhu yana jawo wa masu saye asarar dala biliyan 3.5 a kowace shekara, a 2013 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Actavis cewa ana iya tuhumar irin wannan yarjejeniya a ƙarƙashin dokokin hana danniyar kasuwa. A wannan shekarar ce Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanin Lundbeck kusan yuro miliyan 94 kan irin wannan yarjejeniya da ta shafi citalopram, maganinsa na ciwon damuwa.

Wata dabarar ita ce kwashe majinyata zuwa sabon samfuri kafin wa'adin tsohon ya cika. Namenda, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer, ana shan sa sau biyu a rana, kuma an san gama-garinsa zai shigo a Yulin 2015. Kamfanin da ke yin sa ya fito da wanda ake sha sau ɗaya a rana mai sabon haƙƙin ƙirƙira, wanda ba laifi ba ne a karan kansa, amma a 2014 sai ya sanar cewa zai daina sayar da tsohon. Da hakan ya tabbata, da kowane majinyaci ya koma kan sabon dole, kuma ranar da gama-gari ya iso sai ya tarar babu takardar da za a musanya da shi, tunda mai harhaɗa magunguna ba shi da ikon ba da tsohon samfuri a madadin sabon. Babban lauyan jihar New York ya kai ƙara, kotu ta tilasta wa kamfanin ci gaba da sayar da tsohon, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2015. Abin lura shi ne babu wanda ya hana kamfanin tallata sabon maganinsa. Cire zaɓi daga hannun likita da majinyaci ne aka hana.

Amma babu labarin da ya fi nuna dalilin wannan wasiƙa kamar na Humira, allurar kamfanin AbbVie da ake yi wa masu ciwon gaɓoɓi da wasu cututtukan hanji da fata. Irin waɗannan magunguna daga ƙwayoyin halitta masu rai ake samar da su, don haka kishiyoyinsu makamanta ne, kuma ƙa'idar musanya su ta fi ta ƙwayoyin haɗiya wuya. Babban haƙƙin ƙirƙirar Humira ya ƙare a Amurka a 2016, amma kamfanin ya kewaye shi da wasu haƙƙoƙi sama da 100 da suka shafi yadda ake haɗa shi da yadda ake amfani da shi, har masu son gasa suka gwammace sulhu. A Turai makamantansa sun shigo a Oktoban 2018, a Amurka kuwa sai Janairun 2023, kuma a tsakanin nan cinikinsa ya kai dala biliyan 21 a 2022. Duk wanda ya duba takardu a ƙarshen 2023 zai ce gasa ta kankama, domin kamfanoni tara sun shigo, ɗaya daga cikinsu ma da ragin kashi 85 a kan farashin da Humira ya rubuta. Sai dai duk tarensu ba su ci ko kashi 5 na kasuwar ba a shekarar farko. Ruwa ba ya tsami banza: dillalan da ke tsara wa kamfanonin inshora jerin magungunan da za su biya suna karɓar rangwame mai yawa daga mai maganin asali, kuma wannan rangwame ya fi musu maganin da ya zo da araha tun daga tushe. Sai da CVS Caremark, ɗaya daga cikin manyan dillalan, ya cire Humira daga manyan jerinsa a Afrilun 2024, sannan kason makamantan ya yi tsalle cikin 'yan makonni. Hukumar da take ƙirga yawan masu rajista kawai da ta ce komai lafiya, wadda take duba kason kasuwa kuwa da ta ga lauje cikin naɗi tun watanni shidan farko.

Haka kuma lamarin yake a ƙasashen da babu musanya a kan kanta kuma mutane ba su yarda da ingancin gama-gari ba. Shekaru bakwai bayan faɗuwarsa a Amurka, Lipitor yana kawo wa Pfizer kimanin dala biliyan 2 a shekara, kaso mai yawa daga China. Abin da ya sauya lissafi a can shi ne gwamnati ta fara tilasta wa masu gama-gari su tabbatar da daidaiton maganinsu da na asali, sannan a ƙarshen 2018 ta fara sayen magunguna a dunƙule ga asibitocin gwamnati na birane 11, inda farashin waɗanda suka ci kwangila ya sauka da matsakaicin kashi 52.

Roƙona gare ku shi ne, duk maganin da wa'adinsa ya cika, ku riƙa wallafa kason da na asali yake riƙe da shi bayan wata shida da bayan shekara guda, ta yawan ƙwayoyi da ta kuɗi, tare da adadin kamfanonin da suke sayar da gama-garinsa a zahiri, domin rajistar da ba ta kai kanta ba ba ta rage wa kowa ko sisi. Idan kason ya ƙi sauka, ku ɗauke shi a matsayin dalilin buɗe bincike, ku nemi ganin takardun duk wani sulhu da aka yi tsakanin kamfanin asali da masu son gasa, da sharuɗɗan rangwamen da ake bai wa masu saye a dunƙule. Ina kuma roƙon ku fitar da kundin magungunan da za a iya musanyawa cikin harshen da likita da mai harhaɗa magunguna za su iya nuna wa majinyaci, ku ƙarfafa rubuta takardar magani da sunan sinadari tun daga makarantun koyon aikin likita, ku sa sunan sinadarin ya fito ɓaro-ɓaro a jikin kowane kwali, ta yadda dattijon da ya jera kwalaye biyu a gabana zai iya karanta shi da idonsa ba sai na bi masa da yatsa ba.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai harhaɗa magunguna